Gawar da Ta Ƙi Wuta

A Panjakent in ka ce kana neman Eshonkul, sai an tambaye ka wanne, don muna da su da yawa. Amma in ka ce Gawa, kowa zai nuna maka lungun bayan kasuwa, gida mai shuɗiyar ƙofa, ya kuma ba ka shawara ka yi sallama daga nesa.

Ya samo sunan ne ranar da masu fim daga Dushanbe, babban birnin ƙasarmu, suka kwantar da shi a kan makara a gindin kufan tsohon birni. Sun zo yin fim a kan mutanen Sugud, kakanninmu da suka zauna kan tudun nan kafin Musulunci ya iso, suna neman dattijo mai dogon gemu da hanci kamar na mutanen da aka zana a bangon kufai. Aka kai su shagon Eshonkul, inda yake gyaran keken ɗinki. Suka ce babban attajiri zai fito. Ya amsa kafin su rufe baki. Sai da aka sa masa rigar alharini da ɗamara mai ruwan zinariya, aka shafa masa farar hoda a fuska, sannan aka gaya masa attajirin ya riga ya rasu.

Darakta, wani saurayi mai ladabi da ake kira Shahriyor, ya durƙusa kusa da shi, ya kira shi amak, wato baffa, ya ce, "Amak, aikinku ɗaya ne tak. Kada ku motsa."

Bai motsa ba. Matan unguwa da aka ɗauko don kuka suka fara, kuma sun iya, har shi kansa ya ji tausayin kansa. Yana nan kwance yana jin daɗin yadda ake kewarsa, sai ya ji ana jera itace a gefensa. Ya ji warin kananzir. Ya buɗe ido ɗaya. Ga wani ƙato cikin fararen kaya, an ɗaura masa ƙyalle a baki kamar yadda masu kula da wuta suke yi a zamanin da, yana tahowa da wuta a sanda.

Gawa ta tashi zaune.

"Kai! Ina za ka da wannan?"

Masu kuka suka koma ihu na gaske. Biyu suka zubar da takalma suka nufi gangare. Raƙumin da aka aro daga ƙauye ya tsinke igiya ya bi su. Ƙaton ya tsaya da wuta a hannu yana kallon darakta, Eshonkul kuwa ya sauko daga makara, hoda tana zuba daga gemunsa, ya dunguri ƙyallen da ke bakin mutumin.

"Wannan tsumman, ka san amfaninsa? Don kada numfashinka ya ƙazantar da wuta aka ɗaura maka. Numfashi kawai! Mutanen da ba su yarda su yi wa wuta numfashi ba, su ne za su ɗora mata mushe? Wane jaki ne ya rubuta wannan?"

Wanda bai san shi ba zai ɗauka tsoro ne ya tayar da shi. Ba tsoro ba ne. Eshonkul da fushi aka haife shi, kamar yadda ake haifar wasu da tabo. Yana faɗa da masu kawo masa keken ɗinki don ba su sa mai ba, yana faɗa da rediyo, ya taɓa mayar da kwalin alewa kanti saboda an zana wani sarkin zamanin da a jiki da hular da ba tasa ba. Amma in aka taɓa tsohon birni, nan ne fushin yake da gida. Yana saurayi ya yi damuna da yawa yana haƙa a kufan tare da masana da suke zuwa daga nesa, yana tura baro, yana share ƙasa da buroshi. Daga nan ya kwaso abin da ya sani. Wani daidai ne, wani kuma shi ya ƙarasa wa kansa, amma duka da murya ɗaya yake faɗinsu.

Shahriyor ya zo yana murmushi, hannu a ƙirji. "Amak, ku kwantar da hankalinku. Ba ku za mu ƙona ba. In an zo wajen wuta mutum-mutumin tsumma za mu sa."

"Kaina nake ji wa? Ka ƙona ni in kana so, na tsufa, na bushe, zan ci wuta da kyau. Ƙaryar nake magana! Ga wandon nan ma ba haka yake ba, ga takubban nan..."

Wata mata mai tabarau da ke zaune ƙarƙashin laima ta ɗago kai. Muallima Sanavbar ce, masaniyar tarihi da suka zo da ita. Ta ce, "Wandon daidai ne, amak, yana nan a jikin bango. Takubban ma haka. Wutar ce kawai, kuma na gaya musu tun a Dushanbe. Sun ce wuta tana kyau a hoto."

Maganar wandon ta ɗan rage masa gudu, amma ba ta tsayar da shi ba.

Shahriyor ya ce, "To, amak, me kuke so in nuna wa mutane? Ku faɗa, ina ji."

Eshonkul ya juya ya fuskanci taron, rabin unguwarmu ne cikin kayan aro, ya faɗa musu. A fitar da mamaci bayan gari, a ajiye shi a wuri na musamman. A bar karnuka da tsuntsaye su cinye naman. In ƙashi ya tsarkaka, dangi su dawo su tattara shi, su sa a akwatin yumɓu mai murfi, su kai ɗakin ƙasusuwan gidansu.

Wata tsohuwa ta ja gyalenta ta tofar da yawu gefe.

Wanda ya fara magana Barot ne, kuma da wani ne daban da abin bai yi zafi haka ba. Barot tsohon direban bas ne, mai tumbi, mai barci duk inda aka ajiye shi. Benci ɗaya suka zauna a makaranta shi da Eshonkul, shi ya riƙe masa riga ranar aurensa, kuma tun da suka yi ritaya ba a taɓa ganin ɗaya a gidan shayi ba tare da ɗayan ba. Eshonkul yana faɗa, Barot yana gyangyaɗi yana cewa haka ne. Wannan ce abotarsu, kuma ta ishe su.

Ranar nan Barot bai ce haka ne ba. Ya ce, "Eshon, karnuka fa ka ce."

"Karnuka na ce."

"A nuna wa duniya mutanen Panjakent suna jefa wa karnuka iyayensu? Ina da suruki a Samarkand. Da wane ido zan kalle shi?"

"Da idon da Allah ya ba ka! Abin da suka yi ke nan!"

"Su sun yi sun wuce, mu ne za mu shiga kasuwa gobe. Wuta dai ko ba komai akwai mutunci a ciki." Ya juya wajen darakta yana shafa gemu. "Ɗana, duba nan. Nawa bai kai nasa tsawo ba, amma ni ba na tashi."

Aka tuɓe wa Eshonkul rigar alharini a gaban jama'a, aka sa wa Barot, ɗamara ta ƙi zagaye tumbi sai da aka ƙara igiya ta baya. Eshonkul ya sauka daga tudu da ƙafa, cikin singileti, fuska fara fat, yara suna binsa. Barot kuwa ya yi gawa ta kirki, sai dai an sake ɗauka sau da yawa saboda minshari.

Washegari Barot ya shigo gidan shayi kamar ba abin da ya faru, ya cire takalmi, ya hau gadon katakon da suke zama su sha shayi, ya ce, "Gawa ta gai da gawa." Mutane suka yi dariya. Eshonkul bai yi ba. Ya ɗauki buta, ya juya shayin ya mayar kamar yadda ake yi, ya ɗauki kofin Barot ya cika shi har baki, har ya zuba a faranti. A wurinmu ɗan kaɗan ake zuba wa wanda ake so ya daɗe, cika kofi kuwa sallama ce. Barot ya kalli kofin, ya kalli abokinsa, ya sauka ya sa takalminsa.

Daga ranar suka daina magana. In sun haɗu a masallaci, ɗaya ya tsaya a wannan ƙarshen sahu, ɗaya a wancan. Dattawan unguwa suka je sulhu, Eshonkul ya shimfiɗa musu gurasa da zabibi, ya saurare su, sannan ya yi musu bayanin karnuka tun daga farko har suka tashi ba su gama shayi ba. Liman ya kira shi aka, wato yaya, ya ce masa, "Aka Eshonkul, mutanen nan fa ba su yi sallah ba. Me ya sa kake ɓata zumunci a kansu?"

Ya ce, "Domullo, malaminmu, ƙarya a kan wanda bai yi sallah ba halal ce? Nuna min inda aka rubuta. Mai rai in ka yi masa ƙarya zai zo ƙofarka. Waɗannan wa suke da shi?"

Liman ya ce zai duba.

Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe tudun, fushin bai sauka ba, sai ma ya rasa wurin zuwa. Nan ne matsalar take. Mai faɗa yana bukatar wanda zai zauna ya ji, kuma duk Panjakent mutum ɗaya ne yake iya jin Eshonkul har ƙarshe, don shi yana barci a tsakiya. Yanzu in ya fara a gidan shayi, sai ka ga kowa ya tuna yana da aiki. Ya koma yi wa kekunan ɗinki faɗa. Matarsa Gulandom tana jiyo shi daga tsakar gida yana ce wa wani tsohon keke, "Kai ma da an ce ka kwanta, kwantawa za ka yi."

Wata rana da hantsi ta kawo masa miya shago, ta ajiye, ta ƙi tafiya.

"Baban Nigina, yaushe za ku daina?"

"In ya zo ya ce ya yi kuskure."

"Barot? Mutumin da ya kai fasinja ƙauyen da ba nasu ba ya ce musu su ne suka ɓata? Ku dai ku faɗa min gaskiya. Wuta ce ta dame ku, ko rigar da aka tuɓe muku?"

Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya rufe. Sannan ya gaya mata abin da bai gaya wa dattawa ba. Wata damuna yana saurayi, suna haƙa a ɗakunan ƙasusuwa da ke bayan ganuwa, shi ya ɗaga murfin wani akwati ƙarami. Ƙashin yaro ne a ciki. An jera dogayen gefe ɗaya, ƙananan an tattara su waje ɗaya, ko na yatsa ba a bari ba, an ɗora kan a sama yana kallon murfi.

Ya ce, "Kamar yadda kike shirya kayan jariri a akwati. Wani ya durƙusa a ƙasa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Uwarsa ce ko ubansa, ban sani ba. Wannan ne Barot yake jin kunyarsa. Ya ji karnuka ya toshe kunne, bai tsaya ya ji sauran ba. Su kuma masu fim za su zuba kananzir su ce haka aka yi, kuma shi ke nan, jikokinmu abin da za su sani ke nan, don ba wanda zai hau tudu ya duba."

Gulandom ta ce, "To ku gaya masa haka mana, yadda kuka gaya min, ba da ihu ba."

"Ban iya magana ba sai da ihu."

"Yanzu fa?"

"Ke ce. Ɗauki kwanonki, miyar ba gishiri."

Da bazara ta kama, labari ya zo cewa an gama fim, za a fara nuna shi a babban zauren gari da la'asar. Barot ya yanka rago. Ya aika ƙauyuka aka kira dangi, surukin Samarkand ma ya zo da iyalinsa, aka dafa shinkafa da nama a babbar tukunya, aka raba har maƙwabta, ban da gida mai shuɗiyar ƙofa. Barot ya ɗinka sabuwar riga, ya je aka gyara masa gemu. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Ka kula da kyau wajen jana'iza. Darakta ya ce bai taɓa ganin fuska mai natsuwa irin tawa ba."

Eshonkul ya rantse ba zai taka zauren ba. Shi ya riga kowa zuwa. Ya ce wa mai tsaron ƙofa ba kallo ya zo ba, shaida ya zo. Ya zauna can baya, ya harɗe hannu, tun daga farkon fim yana tsaki, wani daidai, wani kuma a kan wando.

Aka zo jana'iza. Dangin Barot suka gyara zama. Ga mata suna kuka, ga itace, ga mai farin kaya da wutarsa. Sai hoto ya sauka kan makara, ya tsaya a kan tafin ƙafa biyu, ya daɗe a nan, kiɗa yana tashi. Daga nan sai wuta. Ba fuska, ba gemu, ba tumbi.

Ƙafafun kuwa dogaye ne, busassu, babban yatsan dama ya karkace ya hau kan na kusa da shi. Duk wanda ya taɓa alwala a masallacin unguwarmu ya san wannan yatsa. Dutse ne ya faɗo masa a wurin haƙa tun da daɗewa. Ashe masu haɗa fim sun duba hotunan Barot sun ga tumbin yana hawa yana sauka, suka zubar, suka koma kan ɗan abin da suka ɗauka kafin gawar farko ta tashi.

Wani daga tsakiya ya ce, "La, ƙafar Eshonkul!" Zaure ya ɗauka.

Mutum biyu suka miƙe lokaci ɗaya, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

"Ɓarayi!" in ji Eshonkul. "Na ce ban yarda ba, na tashi a gaban shaidu, sun sace min ƙafa sun ƙona!"

"Ina fuskata?" in ji Barot. "Yini guda na kwanta a rana, ƙuda yana shiga hancina ban kore shi ba! Ina fuskata, marasa kunya?"

"Maƙaryata!"

"Maƙaryata!" Barot ya juya yana neman wanda ya faɗi abin da ke ransa, ya ga Eshonkul ne, bai fasa ba. "Eshon, ka ga abin da suka yi mana?"

"Tun yaushe nake gaya maka, buhun gari?"

"Ba wannan ka gaya min ba, kai karnuka kake ta faɗi!"

Mutane suka fara cewa a zauna, ba a jin magana. Masu tsaro suka zo suka fitar da su ta ƙofa ɗaya, suna tafe suna zagin allo. A waje suka tsaya kan matakala suna haki. Barot ya zauna daɓas, sabuwar rigarsa ta kwashi ƙura, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Rago guda, Eshon. Ga suruki a ciki."

Eshonkul ya tsaya a kansa. Wannan ce damar da ya yi sanyi guda yana jira, kuma maganganun suna nan a shirye a bakinsa. Ya kalli ƙeyar abokinsa, ta yi furfura fiye da yadda ya bar ta. Ya ce, "Akwai sauran naman?"

"Akwai."

"To tashi. Ba ka aiko min ba, na ji ƙamshi har shago."

Kada wani ya ɗauka sun daidaita a kan tarihi. Har gobe Barot yana cewa da a nuna karnuka gara wuta, kawai dai a nuna fuskar wanda ya kwanta. Eshonkul ya ba shi labarin ƙaramin akwatin a hanya, da ihu, Barot ya saurara har suka wuce kasuwa, sannan ya ce Allah ya ji ƙan iyayen yaron, amma duk da haka ba a gaban surukinsa ba. Suka ci gaba daga nan. Suna nan a gidan shayi kullum da hantsi, gado ɗaya, ɗaya yana faɗa, ɗayan kuma yanzu yana mayarwa kafin barci ya ɗauke shi.

Fim ɗin ya zaga ƙasa, an nuna shi a talabijin, kuma baƙi da ke zuwa kufai sukan tambayi inda ake ƙona gawa. In Eshonkul yana kusa, masu yi musu jagora sukan canza hanya.

Kwanan baya ina zaune a gidan shayin, Usto Hamrokul mai aski ya leƙo, ya ga gadon a cike, ya kasa haƙuri.

"Aka Gawa, ina kwana? Ni fa abin da ban gane ba ke nan. Kun tashi don kada a ƙone ku, kun kori mata, kun kori raƙumi, kun yi fushi da aboki sanyi guda, ga shi a ƙarshe ku aka ƙona. Da kun kwanta abinku, ai da har fuska an gani."

Aka yi dariya har mai shayi ya ajiye buta. Eshonkul ya bari suka gama. Ya ciro ƙafar dama daga ƙarƙashinsa, ya ɗora ta a gefen gado, yatsan yana kallon Hamrokul.

"Ƙafa suka samu, don ita ba ta da baki. Inda bakin yake ba su iya ɗauka ba, kuma yana nan. Zo zauna, Hamro, tunda ba ka gane ba. Barot, matsa masa, kada ka yi barci. Za mu fara daga karnukan."